Jan Maho a Kafaɗar Amarya

Cuuu! 'Yar ƙara ce, ko kazar da ke tono a bakin ƙofa ba ta ɗaga kai saboda ita ba, amma ni muddin ina numfashi ba zan manta da ita ba. Garwashi ne guda, bai kai ƙwayar wake ba, ya sulalo ta ƙofar iskar dutsen guga ya faɗa kan farar taguwar da na yayyafa wa ruwa. Kafin in ce innalillahi in kaɗe shi, ya riga ya ci rabonsa. Rami ya bari a kafaɗar hagu, wanda babban yatsa zai shiga ya fito, bakinsa ya yi launin ƙanzo.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce a wancan lokaci, don ku san tsayin inda na faɗo. A shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai ne, ina sabuwar amarya a Gure. Daga Damagaram aka kawo ni, daga cikin Birni. Mahaifina tafinta ne, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, ya kuma bar ni na wuce inda 'yan mata suka saba tsayawa. Na iya karatun Nasara, na iya lissafi, na yi nisa a allo wurin malamin unguwarmu, sannan matar shugaban lakwal, wadda muke ce wa Madam, ta koya mana ɗinki da guga. Mijina ɗan Gure ne, malamin lakwal, duk gari Mushe ake kiransa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ke nan ni ce matar Mushe. Idan na fita barka ko gaisuwa, mata kan bi ni da ido tun daga ɗaurin kallabi har yadda nake ajiye ƙafa a rairayi. Ni kuma (Allah ya yafe mini) abin yana yi mini daɗi, sai in ƙara gyara tafiya.

Alawayyon da na ɗinka taguwar da shi kyautar Iya ce, mahaifiyar Mushe. Ya daɗe a ƙasan adudunta, har ya ɗauki ƙanshin turaren wuta. Wata safiya ta fito da shi ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ungo, 'yata. An ce hannunki ya san allura. Ɗinka irin taku ta birni mu ma mu ba ido abinci." A lokacin matan Gure ba su saba da taguwa mai hannu da wuya irin wadda Madam ta koya mana ba. Zane ake ɗaurawa, a yafa wani. Na zauna na yi ɗinkin da ban taɓa yin irinsa ba, kalmasa ƙanana kamar tafiyar tururuwa. Sai ga shi a gugar farko, tun ban saka ta ko sau ɗaya ba, na ƙona ta.

Iya ta tafi gidan suna a makwabta, kuma na san ba za ta daɗe ba. Na kalli ramin, ramin ya kalle ni. Abin da ya dace shi ne in jira ta in ce, "Iya, na yi ɓarna." Tsohuwar ba mafaɗaciya ba ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma da na tuna cewa ni ce 'yar lakwal, wadda aka cika gari da labarin iyawarta, sai na fasa. Na buɗe ƙunshin ƙyallayena na sami wani ja jawur, na yanka shi kamar ganyen magarya, na ɗora kan ramin na bi shi da baƙin zare, har da 'yan ƙananan rassa a gefe. Don sauri ko bakin ƙunar ban datse ba, na bar shi a ciki yadda yake. Gaskiya mahon ya yi kyau. Wannan kam ko a gaban alƙali zan maimaita.

Iya ta dawo ta tarar da ni sanye da ita. Ta zagaya ni, ta taɓa wuyan, ta ja hannun, tana ta "Tubarkalla, tubarkalla." Sai yatsanta ya tsaya a kafaɗa.

"Wannan jan abin fa, 'yata?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni. "Ado ne, Iya. Haka ake yayi yanzu a Damagaram."

"Ikon Allah! A gefe guda kawai?"

"A hagu kawai," na ce, da muryar mai ba da fatawa.

To, akwai wata ɗabi'a ta matan Gure da ban gama fahimta ba a lokacin. Duk wani sabon abu na hannu da ya shigo gari, saƙar faifai ce, zanen ƙwarya ne, ko ɗinkin hula, na farkon da aka gani shi suke kira uwa. Sauran da za a yi daga baya 'ya'yanta ne. Mu a lakwal Madam "model" take cewa, ta manna shi a bango mu kalla. Fataken Kano da ke kawo tufafi samfur suke cewa, wato ɗan guntun da ake nuna maka kafin ka sayi turmi. Mushe kuwa, da yake mutumin littafi ne, asali yake cewa, kalmar da ake yi wa mutum tambaya da ita kafin a ba shi aure. Kowace da inda ta fi ƙarfi. Model ana kallonsa a yi ƙoƙari, in an kusa Madam ta ce ya yi. Samfur ana gwada shi da kaya, in bai yi daidai ba a yi rigima da mai kaya. Amma uwa a Gure ba a gardama da ita. Mace takan zo da goro ta ari uwa, ta kai ɗakinta, ta juya ta ciki da waje, ta bi ta sawu da sawu. Ba a tambayar mai ita dalili, don tambaya kamar raini ce, kuma ba a ragewa ba a ƙarawa. Wadda ta sauya wani abu sai a ce ta fi uwa sani, kuma wannan ba yabo ba ne.

Wadda ta fara zuwa aro ita ce Yagana, makwabciyarmu, mace mai hannu da natsuwa, wadda in ta saƙa faifai ba ka bambanta shi da wanda ta kwaikwaya. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta ajiye goro, ta ce ta zo neman uwar taguwa. Na ninke na ba ta ina murmushi irin na manya. Ko a raina ban kawo komai ba. Na ɗauka za ta manna jan ƙyalle a kafaɗa, shi ke nan, ƙarya ta bi ruwa.

Bayan 'yan kwanaki ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji ƙaurin tsumma yana tasowa ta bayan darni. Na leƙa. Yagana ce zaune da wasu mata, kasko a tsakiyarsu, ta kama garwashi da tsinke biyu tana saitin kafaɗar sabon alawayyo fari fat.

"Yagana! Me kike ƙonawa haka?"

"Kafaɗa nake buɗewa, matar Mushe," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da fari da almakashi na yanke ramin, sai na ga bakinsa bai yi launin na uwar ba. Na kwana biyu ina tunani, can na gane ashe da wuta kuke yi. Kai, mutanen birni akwai dabara! Don kada zaren ya warware ne, ko?"

Duk matan suka juyo suna jiran amsata. Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faffaɗa, ko raƙumi zai wuce. Da na yi dariya na ce, "Haba Yagana, kuskure ne," da an yi shewa an watse. Me kuke tsammani na ce?

"Ƙwarai kuwa. Ke dai akwai kaifin ido."

Yagana ta ji daɗi har ta rufe baki da gefen zane. Ta ɗora garwashin, na ji ƙarar nan tawa ta fito daga gidan wani.

Daga nan abin ya bazu. Uwar taguwa ba ta kwana a ɗakina sai jefi-jefi, goro kuwa har na rasa inda zan kai shi. Matar mai kanwa ta yi, matan gidan liman suka yi, har wata ta aiko tun daga Gidigir. Aka sami gwanayen ɗora garwashi, waɗanda ake kira musamman don hannunsu ba ya rawa. Wata rana har gardama aka kawo mini in raba: shin ramin babban yatsa zai shiga ko manuni? Na sa aka kawo uwar, na gwada a gabansu, na yanke hukunci. (Babban yatsa ne. Wadda ta yi na manuni ta koma ta ƙara wuta.)

Kada ku ce zuciyata ba ta dame ni ba. Duk sallar da na idar sai na yi istigfari na ɗaura niyyar gobe zan gaya wa Iya. Goben na zuwa sai wata ta shigo ta ce, "Matar Mushe, ke kam kin waye mana kai," sai niyyar ta narke kamar man shanu a rana. Mushe ma ya taɓa tsayawa ya dubi matan da ke wucewa zuwa rijiya, ya ce, "Ni fa na zauna Damagaram shekaru, ban taɓa ganin wannan jan abu a kafaɗar kowa ba." Na ce, "Malam, dama kafaɗun matan mutane ka je kallo ko karatu?" Bawan Allah har da ba ni haƙuri.

Ana nan sai aka sa ranar auren Fanna, ƙanwar Mushe, autar Iya. Fanna ita ce abokiyar wasana a gidan, ba ta kirana da komai sai 'yar lakwal, ni kuma in ce mata 'yar rairayi. Wani mai sana'ar fata ne zai aure ta, tana sonsa yana sonta, sai dai a Damagaram yake, can za a kai ta. Abu guda ke hana ta sukuni, kada matan birni su raina ta. Ta sha zuwa ɗakina ta zauna bakin gado ta ce, "Yaya, da gaske ne in baƙuwa ta yi kuskure a can sai an yi shekara ana ba da labarinta?" (In ta ce Yaya, to maganar ta gaske ce.) Ina ce mata ta kwantar da hankali, ai tana da ni.

Iya ta sayar da tumakinta ta sayo alawayyo mai kyau, ta ce duk taguwoyin amarya ni zan ɗinka, kuma kowace a yi mata ado irin na uwar, don Fanna ta shiga birni a matsayin 'yar gari. Nan na fara laluben hanyar kaucewa.

"Iya, shi yayi ba ya daɗewa fa. Wataƙila yanzu sun bar shi."

"Yaushe kika zo da har za su bari?"

Na koma wajen Fanna. "Ke da kike fara kyakkyawa, ai fari zalla zai fi yi miki kyau."

Ta harare ni tana dariya. "Na gane ki, 'yar lakwal. Tsoro kike kada in je garinku in fi ki iya ado. Wallahi sai an yi mini, har ma nawa ya fi naki ja."

Sai na shiga lallashin kaina da lissafi, tunda an ce na iya shi. Na ce Damagaram babban gari ne, ga Birni ga Zango, kowace unguwa da mutanenta. In matan Birni suka gani za su ɗauka yayin Zango ne, in matan Zango suka gani za su ce na Birni ne, kafin su haɗu su tantance taguwoyin sun tsufa. Da wannan hujja na zauna a tsakar gida, Iya na tsaye a kaina, Fanna na riƙe da kasko, na kama garwashi da hannuna na ɗora kan kayan auren yarinyar da ta amince da ni. Ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare. Har bisimilla na yi, don Iya na kallo. Wannan bisimillar ta fi komai tsaya mini a rai har yau.

Ranar da dangin ango suka iso, gidanmu ya cika ya batse. A zamanin ba a san anko ba, amma in kuna neman wadda ta fara shi a Gure, ga ni. Duk inda ka juya farar taguwa ce da jan ganye a kafaɗar hagu, kamar garken da mai shi ya yi wa shaida. Na tsaya kusa da randa ina ba da umarni, a kai fura can, a shimfiɗa tabarma nan. Baƙin suka shigo da guɗa, wata dattijuwa mai fara'a a gaba, Goggo Hassu, yayar mahaifin ango. Ina cikin yi musu maraba sai na ji an ce, "Kai! Wa nake gani haka?"

Rabi ce. Benci guda muka zauna da ita a lakwal, a gaban Madam guda muka koyi guga. Ashe ango ɗan ƙanen babarta ne. Muka rungume juna, ita tana murna. Duk lissafin Birni da Zango bai hango Rabi ba.

Aka zauna, aka gaisa, aka sha ruwa. Na lura baƙin suna satar kallon kafaɗun mutane suna kallon juna, amma kunya ta hana su magana. Da an bar su haka, da wataƙila na tsira a ranar. Sai aka fito da kayan amarya don dangin miji su gani, Iya da kanta ta ɗaga taguwa guda sama, fuskarta cike da alfahari.

"To, mutanen birni, ku duba da kyau. Kada ku ce mun kawo muku 'yar ƙauye. Irin yayinku muka yi mata, ba mu rage komai ba."

Goggo Hassu ta karɓa ta jujjuya. "Ɗinki kam ya yi, Allah ya yi wa hannun albarka. Amma yayin wa kika ce?"

"Naku mana, na Damagaram. Jan kafaɗa."

Goggo ta waiwaya ta dubi matan da suka zo tare. "Ku 'yan Zango, kun san shi?" Suka girgiza kai. "Mu dai a Birni ban gan shi ba. Ko bayan fitowarmu aka fara?"

Aka ɗan yi dariya. Iya ba ta yi ba. Ta ɗauka baƙin ne ke son nuna mata ba ta iya ba, ta gyara zama ta ce, "Ai ba da ka muka yi ba, da uwa muka yi. 'Yata, ɗauko uwar su gani."

Tsakanin inda nake da ɗakina ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. A ciki na tsaya na yi tunanin in ce ta ɓace, sai na tuna duk gari ya san inda take. Na fito da ita a kan faifai kamar mai kai gaisuwa. Kafin ta isa hannun Goggo, Rabi ta miƙa hannu ta ɗauke, ta yaba kalmasar, sannan ta yi abin da duk wadda Madam ta koyar take yi, ta juya ta ciki. Ta ga ramin. Ta kai shi kusa da ido, ta ɗago ta dube ni, ta sake duban ramin. Na ga kumatunta sun fara rawa. Na yi mata alama da ido, irin ta 'yan benci guda, amma Rabi tun muna yara ba ta iya riƙe dariya ba.

"Wayyo cikina! Ke har yanzu ba ki daina ba? Goggo, wannan ai ƙunar guga ce! Wallahi ita ce, sau nawa Madam na ƙwace dutsen guga a hannunta! Ta ƙona ta rufe da maho, shi ne..." Sai ta dubi tsakar gidan, ta ga kafaɗu ja ta ko'ina, dariyar ta tsaya mata a wuya. Ta juya ɗaya daga cikin taguwoyin amarya, ta ga rami mai bakin ƙanzo. Ta juya wata. A hankali ta ce, "La ilaha illallahu. Duka?"

Ina ganin hannaye suna tashi a hankali, kowace mace tana dafa kafaɗarta ta hagu. Yagana ce ta fara magana, da 'yar murya.

"Matar Mushe, ba don kada zare ya warware ba ne?"

Iya ba ta dubi kowa ba sai ni. "'Yata, gaskiya ne?"

Na durƙusa a rairayin nan, a gaban baƙi da 'yan gari, na ce, "Gaskiya ne, Iya. Garwashi ne ya faɗa mini ranar da kika je suna. Na ji kunyar gaya miki, na yi ƙarya. Babu wani yayi. Ku yafe mini don Allah."

Goggo Hassu ce ta fara fashewa. Ta yi dariya har da hawaye, tana bugun cinya tana cewa, "Mun zo ɗaukar amarya mun tarar an ƙona gari da sunanmu!" Wasu suka taya ta, wasu kuwa ba su ga abin dariya ba, musamman matar mai kanwa, wadda ta ce a fili alawayyonta na fitar sallah ne. Amma abin da ya fi duka ciwo shi ne kukan da na jiyo daga ɗakin amarya. Fanna ta ji komai. Abin da ta fi tsoro a duniya ya same ta tun ba ta taka Damagaram ba, kuma ta hannuna.

Na shiga na same ta ta kifa kai a gwiwa, hannuwanta ɗaure da lalle. Na kira ta 'yar rairayi, ba ta amsa ba. Na ce Fanna. Ta ɗago ta ce, "Yaya, na tambaye ki fa. Sau nawa ina tambayarki." Na koma ɗakina na buɗe akwatin da mahaifiyata ta haɗo ni da shi, na kwaso duk alawayyon da nake tanadi, har da wanda na ware don haihuwar fari, na kai gaban Iya na ce a ba ni izini in sake ɗinkin.

Iya ta daɗe tana kallon kayan. Ta ce, "Da kin ce mini ya ƙone, me kike tsammani zan yi miki? Tsumma ne fa. Ni na ba ki, kuma ban ba ki don ya fi ki daraja ba." Ta tura mini su. "Je ki ɗinka. Amma guga kam Rabi ce za ta yi."

Haka aka yi. Sauran kwanakin bikin mutane na ta kiɗa da rawa, ni da Rabi muna bayan ɗaki muna fama da allura. Can sai ga Yagana ta zo da nata zaren ta zauna, ta ɗauki hannun taguwa ta fara kalmasa. Sai da muka yi nisa ta ce, "Wannan karon in akwai abin da ba na cikin ɗinkin, ki faɗa tun yanzu." Goggo Hassu ta shiga wurin Fanna ta rantse mata cewa labarin ba zai bi su Damagaram ba, in ma ya bi su, to labarin matar Mushe ne, ba na amarya ba. (Ta cika alkawari. Rabi ce dai ba ta yi alkawarin komai ba, shi ya sa da na je ganin gida har mahaifina ya tambaye ni ko zan ba shi aron uwa.) Fanna ta tafi da fararen taguwoyi masu lafiyayyar kafaɗa, kuma da za a ɗora ta a raƙumi ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "'Yar lakwal, saura ki ƙona gidan kafin in zo." A nan na san ta huce.

Matan gari kuwa ba su zubar da nasu ba, wa zai zubar da alawayyo? Suka ci gaba da sakawa har suka tsufa, sai dai sunan adon ya tashi daga jan kafaɗa ya koma ƙunar matar Mushe. Na bi su gida gida na ba da haƙuri. Wasu suka yafe nan take, wasu sai da suka ja mini rai, kuma suna da gaskiya.

Abin da na koya shi ne, in Allah ya sa kai ne na farko a wani abu, mutane ba iyawarka kaɗai suke ɗauka ba. Kuskurenka ma suna ɗauka, har sun fi kula da shi, don shi ne ya fi wuyar ganewa. Tun daga ranar, ko tuwo na ba wata ta ce ya yi daɗi za ta gwada irinsa, sai na ce, "Tsaya, gishirin ya yi yawa, mantuwa na yi, kada ki bi."

Amma duk cikin maganganun da aka yi mini, ta wata 'yar yarinya ce ta fi zauna mini. A ranar da asirin ya tonu, bayan na fito daga wurin Iya, na zagaya bayan rumbu na zauna ina sharar hawaye. Sai ga 'yar Yagana, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba, ta zo ta tsuguna kusa da ni tana kallona da tausayi. Ta dafa gwiwata ta ce:

"Ki daina kuka, Inna. Ni ma na taɓa ƙona zanena. Amma ni duka aka yi mini, ba wanda ya zo aro."